Tambayi Kawu: takalmin gudun dutse da sauran kayan tafiya

Kawu, a kasuwar Garwa na ga takalmin Salomon sabo fil a kwalinsa, an ce in kawo sefa dubu 12. Ina shirin zuwa gudun Dutsen Kamaru a Buea. In saya? *(Wani matashi daga Garwa)*

Ɗana, ka bar shi a inda ka gan shi. Yi lissafi da kanka: Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma yawancin takalman gudun dutse na asali sun haura Yuro 100 a kantunan Turai, wato sama da dubu 65 tun kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko shi har Garwa ya ba ka a dubu 12? Ko ɗan'uwanka ne ba zai yi ba. Jabu ne, kuma mai sayarwa ya sani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda samarinmu ke sayen tambari su manta da ƙafa. Da yawon sallah za ka, da ban ce komai ba. Amma wannan gudu da aka fara tun 1973 kusan kilomita 38 ne, daga filin wasa na Molyko zuwa ƙololuwar dutse mai tsayin sama da mita 4,000, sannan a juyo. Dutsen mai aman wuta ne, duwatsunsa ƙonannu ne masu kaifi, suna cin roba. Hawa ba shi ne ke tona asirin takalmi ba, gangarowa ce. A nan ƙasan jabu ke ɓallewa daga sama, yatsu su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Lokacin kana tsakiyar dutse, babu mai gyaran takalmi, babu ɗan acaɓa.

In za ka saya, ɗauki takalmin ka murɗa shi kamar kana matse wanki. Na kirki zai yi maka gardama, jabu zai naɗe. Juya ƙasansa ka danna haƙoran da farce, kada su zama roba mai santsi. Shinshina ciki: warin gam mai hawa kai alama ce. Duba lambar da ke jikin harshen takalmin, ka gwada ta da ta kwali. Ni a wurina na asali na gwanjo ya fi sabon jabu, muddin haƙoran ba su cinye ba, kuma soson tsakiya bai yi tamoji ba. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Kuma kada ka kuskura ka fara sa shi ranar gasa. Ka hau dutsen Tinguelin na kusa da Garwa da shi makonni kafin nan, ka ji inda yake cizo.

Wane agogo mai GPS zan saya? *(Daga Ngaundare)*

Kilomita nawa ka taɓa yi a jere? Ba ka faɗa ba, kuma na san dalili. Wayarka tana auna nisa. Kai da Allah ya ajiye ka a tudu mai sama da mita 1,000, ga dutse a bakin gari, fita ka yi gudu, kuɗin ka sa a takalmi.

Kawu, ɗana ya nace sai ya shiga irin dogon gudun nan na cikin duwatsu. Na kasa barci. Ni dai kayan me zan saya masa ya dawo mini lafiya? *(Wata uwa daga Marwa)*

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, tambayarki ta fi ta kowa ma'ana a wannan mako. Abin da ba za ki zata ba shi ne sanyi. Yaron da ya tashi a zafin Marwa gani yake ƙaramar riga ta isa, alhali can sama iska ce da hazo, ga jiki ya jiƙe da gumi. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan gudu 21 suka rasu a gasar kilomita 100, sanyi da ruwan sama suka rutsa da su, da yawansu cikin gajeren wando. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don ki san inda za ki sa kuɗinki: rigar ruwa mara nauyi mai hula, rigar ciki mai dogon hannu wadda ba ta auduga ba, tocilan na goshi da ƙarin batir, da usur. Ki sa shi ya ga likita a duba zuciyarsa da hawan jini. Kuma ki karɓi alkawari a bakinsa cewa in jiri ya kama shi ko kansa ya fara sara can sama, zai sauko, ba kunya a ciki. Ya fara da gajerun tsere tukuna, dogon yana nan yana jiransa.

Abokina ya ce in haɗiyi tramol biyu, ba zan ji gajiya ba. *(Bai sa gari ba)*

Wannan ba aboki ba ne. Tramol na kawo jiri da farfaɗiya, kai kuma kana bakin rami. An ma sa shi cikin haramtattun ƙwayoyi a gasa tun 2024. Ibuprofen da kuke sha kamar gyaɗa shi ma yana iya taɓa ƙoda idan jiki ya bushe a dogon gudu. Kada ka sake aiko mini irin wannan.

Ina son in gwada gudun Le Treg, dogon tseren hamada na yankin Ennedi a arewa maso gabashin Chadi. Dole ne in yi odar abincin leda na 'yan gudu daga Faransa? *(Daga Njamena)*

Ba dole ba ne, ƙanena. Dabinon Faya yana gabanka, ga ƙuli-ƙuli, ga ɗan kilishi don gishiri idan baki ya gaji da zaƙi. Sharaɗin kawai ka saba wa cikinka da su a atisaye, domin a dogon gudu ciki na kayar da mutane kamar yadda ƙafa ke yi. Ruwa kuma kada ka yi ta ɗurawa zalla. Yawansa ba gishiri yana da nasa haɗarin, don haka ka riƙe 'yan ƙunshin ORS na kemis, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa. Sai dai kafin ka biya ko dala, ka nemi masu shirya gasar ka tabbatar za a yi ta bana, ka karɓi jerin kayan da suka wajabta. Fada, garin da ke can Ennedi, ba nan kusa ba ce, kuma kuɗin mota ba ya dawowa.