Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai tsibirin da aka yi mulkin mai gari har 2008 a Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Muna hira da abokai wani ya ce wai akwai wani ɗan tsibiri kusa da Ingila da mutum ɗaya ke riƙe da shi irin na zamanin da har kwanan nan, kuma ko mota ba a shiga da ita. Mun yi ta musu, don Allah a warware mana. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, abokin naka ya yi gaskiya. Sunan tsibirin Sark, yana cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, ya ma fi kusa da gaɓar Normandi ta Faransa, amma ƙarƙashin sarautar Ingila yake tare da tsibirin Gernsi. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 6 ba, mutanensa wajen 500, kusan ƙauye ɗaya ne. Sama shimfiɗaɗɗiya ce ta gonaki, gefe ko'ina dutse ne a tsaye har ruwa, shi ya sa shigarsa ke da wuya. Kashi biyu ne, babba da ƙarami, wata siririyar hanya mai suna La Coupée ce ta haɗa su, hagu rami dama rami. Maganar mota ma haka ne, sai keke da keken doki da tarakta, ita ma motar asibitinsu tarakta ke ja.

A 1565 wurin ya zama kango ɓarayin teku na fakewa ciki, sai Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta ba wani Helier de Carteret daga tsibirin Jersi, da sharaɗin ya zaunar da maza 40 da bindigoginsu su tsare shi. Ya yanka ƙasar gida 40, shi kuma ya zama Seigneur, kamar dai hakimin da sarki ya ba ƙasa. To nan ne zancen yake, domin a tsarin na da an hana raba gonakin nan a gado, babban ɗa ke ɗauke gonar gaba ɗayanta, kuma duk mai riƙe da ɗaya daga cikin 40 ɗin yana da kujera a majalisarsu da ake kira Chief Pleas ba sai an zaɓe shi ba. A lokacin, idan aka sayar da gona kashi ɗaya cikin 13 na kuɗin na Seigneur ne, shi kaɗai ke da izinin kiwon tattabaru, alhali abin da yake biyan masarauta a shekara bai kai fam 2 ba.

Gidan sarautar ya sauya hannu, iyalin Le Pelley sun zuba dukiyarsu a haƙar azurfa ta cinye su, a 1852 riƙon ya koma hannun Marie Collings. Daga zuriyarta aka samu Sibyl Hathaway wadda ta riƙe tsibirin daga 1927 zuwa 1974, ta ƙi gudu lokacin da sojojin Jamus suka mamaye shi daga 1940 zuwa 1945, wallahi wannan mata ta cancanci a yaba mata.

Matsin lamba daga waje ne ya kawo ƙarshen tsarin, ga dokokin haƙƙin ɗan'adam na Turai, ga attajiran nan tagwaye 'yan gidan Barclay da suka sayi ɗan tsibirin Brecqhou da ke maƙwabtaka a 1993 suka yi ta kai ƙara. A Disamba 2008 aka yi zaɓe na farko a sabon tsarin aka zaɓi wakilai 28. A ganina gyaran ya dace, don ba adalci ba ne wanda ba shi da gona ya zama kusan ba shi da baki a garinsu, duk da dai akwai 'yan kujeru 12 na zaɓe tun kafin nan. Sarautar Seigneur kuwa tana nan, Christopher Beaumont ke kai tun rasuwar mahaifinsa a 2016, sai dai yawancin ikon ya koma hannun zaɓaɓɓu.