Wayar Hannu a Tattakin Mina, Arfa da Muzdalifa: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da maniyyata suka fara shirin tafiya, yawancin saƙonnin da ke zuwa mini daga unguwannin zango na Kumasi a kan abu ɗaya suke: yaya waya za ta taimaki mutum a ranakun da ake yawan tafiya da ƙafa. Kakanninmu da suka bi ta Kano da Chadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya, wasu sai da suka shekara da shekaru a hanya. Mu jirgi ke kai mu, amma tattakin bai ƙare ba. Daga Makka zuwa Mina kimanin kilomita 8 ne, daga Mina zuwa Arfa kimanin 14, ga dawowa ta Muzdalifa, ga zuwa jifan Shaiɗan kwana bayan kwana.

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta rubuto: "Malam, bana zan tafi in sha Allahu. Ɗana ya sa mini Google Maps, amma an ce a Mina sabis ɗaukewa yake yi. To in babu data, taswirar za ta yi aiki kuwa?"

Hajiya, Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Abu biyu ne a cikin wayarki da mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko ɗigon nan mai launin shuɗi da ke nuna inda kike tsaye. Shi ba ruwansa da data, ba ruwansa da MTN ko Telecel. Wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam ne na GPS, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma da ta ji huɗu daga cikinsu za ta lissafa inda kike. Na biyu shi ne zanen taswirar kanta, wato tituna da sunayensu. Wannan shi ke zuwa ta intanet. In sabis ya ɗauke ba ki sauke taswirar tun da wuri ba, sai ki ga ɗigonki a tsakiyar fili fetal, babu titi babu suna.

Don haka tun kina gida, ki sa ɗanki ya sauke miki taswirar Makka gaba ɗaya, har da Mina da Muzdalifa da Arfa, sannan ta Madina. Sai dai ki sani, Google Maps in babu intanet ba ya zana wa mai tafiya da ƙafa hanya, ta mota kawai yake bayarwa. Shi ya sa nake so a ƙara miki manhaja ta biyu, Organic Maps ko OsmAnd. Su an gina su ne don aiki ba tare da intanet ba, kuma suna nuna hanyar ƙafa.

Ga abin da ya fi muhimmanci duka. Ranar da kika isa tantinku a Mina, kafin ki ajiye jaka, ki tsaya a bakin ƙofa, ki danna ɗigonki ki adana wurin da suna, ko da "tantinmu" ne kawai. Ki ɗauki hoton allon da ke ɗauke da lambar sansanin da ta titin. Tantunan Mina farare ne, kamarsu ɗaya, dubbai a jere. Na taɓa ganin wani dattijo yana kewaya layi ɗaya har sau uku da takalmi a hannu, leɓensa ya bushe, alhali tantinsu na bayan wani shinge da bai kai taku hamsin ba.

Amma kada ki bi waya ki bar ayarinku. Taswira ba ta san titin da jami'an tsaro suka rufe da safiyar nan ba. Hanyoyin Jamarat, wurin jifan Shaiɗan, masu tafiya ɗaya ne: ta inda aka shiga ba ta nan ake fita ba. Wayar za ta iya nuna miki gajeriyar hanya, ki bi ta, ki tarar da kanki kina fuskantar dubban mutane masu tahowa. Wannan haɗari ne na gaske. Haka kuma a cikin hanyoyin nan da aka huda ta cikin duwatsu, ɗigon zai tsaya cak ko ya yi ta tsalle, domin dutse ya tare sama. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Kina fitowa fili zai dawo.

Wani ɗan'uwa daga Asawase: "Tecno nake riƙewa, batirinta ba ya kai yamma ko a nan gida. Wane irin fawa bank zan saya a Adum?"

Alhaji, ka nemi mai ƙarfin 20,000mAh na kamfanin da aka sani. Wannan daidai yake da kimanin 74Wh a ma'aunin ƙarfin batir da jiragen sama ke dubawa, kuma ƙa'idar da jiragen sama suka saba bi ita ce kada ya wuce 100Wh sai da izini. A jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa kafin ka biya. Wanda aka rubuta masa 50,000 amma ya yi sakayau kamar akwatin ashana, ƙarya ce aka buga a jikinsa. Ka gwada shi mako guda a gida, ka ga sau nawa yake cika wayarka. Kan cajarka mai ƙafa uku irin wanda muke amfani da shi a Ghana zai shiga soket ɗin Saudiyya.

Sai dai in batirin wayar ya riga ya gaji haka, ka fara canza shi. Kuma babban abokin gabar waya a can shi ne zafi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki ne tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Waya in ta ɗau zafi sai ta dusashe haskenta, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta. Kada ka riƙe ta a rana kana kallon taswira kowane taku. Ka duba, ka gane alƙiblarka, ka mayar da ita cikin 'yar jakar ɗamara, tunda harami ba shi da aljihu. Inda sabis ya yi rauni ka danna alamar jirgin sama, domin neman sabis ɗin nan shi ke zuƙe batir, kuma GPS zai ci gaba da aikinsa.

Wata matashiya daga Sabon Zango: "Babanmu ne zai tafi, ya manyanta. Zan iya ganin inda yake daga nan Kumasi?"

Za ki iya, ƙanwata, matuƙar yana da data. WhatsApp na barin mutum ya nuna inda yake kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. In ya sauka ya sayi layin can, STC ko Mobily ko Zain; WhatsApp ɗinsa zai ci gaba da tsohuwar lambarsa ta Ghana. Ni dai shawarata, ya fi amfani ya tura wa wanda suke tanti ɗaya, don shi ne zai iya zuwa ya riƙo hannunsa. Ke kuma in kika ga ɗigon ya tsaya awa biyu, kada hankalinki ya tashi, galibi cunkoson layi ne.

Ki sa masa manhajar Nusuk tun yanzu, ita ake amfani da ita wajen neman izinin shiga Rauda a Madina. Katin Nusuk kuwa, wato katin shaidar da ake ba kowane alhaji, ya zauna a wuyansa dare da rana. Ki rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe sunan masaukinsu, lambar jagoran ayari, da 911, lambar neman agajin gaggawa a Makka. Kafin ranar tashi, ki fita da shi da sassafe, ki kashe datar wayarsa, ku taka daga ƙofar gida zuwa kasuwar Kejetia, shi yana riƙe da wayar yana kallon yadda ɗigon ke tafiya tare da shi. A dawowa ki bar shi ya nemo gida da kansa ta wurin da kuka adana, kina biye da shi a baya.