Hukuncin Abin da Na'urar Nutso Ta Tsamo Daga Ƙasan Teku

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan Tawa ne, na samu aiki a wani jirgin ruwa mai duba bututun mai da wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙasan teku. Ni ba na shiga ruwa. A ɗaki nake zama gaban allo, ina tuƙa wata na'ura mai fitilu da kyamara da hannun ƙarfe, ana zura ta da doguwar waya. Wani lokaci akan ɗauke mu tsamo kayan jirgin da ya nutse. Albashina halal ne? In kuma na ga abu mai daraja cikin tarkacen, zan iya riƙewa, tunda masu shi sun fid da rai?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, aikinka halal ne, albashinka ma haka. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 14, shi ne ya hore mana teku mu ci nama sabo daga cikinsa, mu fitar da kayan ado. Mu da ba mu da bakin teku ma mun san amfanin aikin, domin lokacin da wayoyin ƙarƙashin ruwa suka tsinke a watan Maris na 2024, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma sun sha wuyar intanet.

Tambayarka ta biyu ce ke son natsuwa. Kai ɗan Adar ne, ka san rijiyoyinmu masu zurfi. Guga ya tsinke ya faɗa, aka kira mai ƙugiya, ya yi ta lalube har ya fiddo shi yana ɗigar laka. Ka taɓa jin ya saɓa gugan a kafaɗa ya tafi gida? Ladan wahalarsa ake ba shi, guga kuwa na mai shi ne. To hannun ƙarfen nan ƙugiyarka ce, abin da ya kama kai ka kama, kuma zurfin ruwa ba ya raba mutum da dukiyarsa.

Malamanmu na Malikiyya sun bambance tsakanin abu biyu. Abin da teku ta fitar wanda ba a taɓa mallakarsa ba, kamar ambar, wani abin ƙamshi da ake yin turare da shi, na wanda ya same shi ne. Amma wanda aka san dukiyar Musulmi ce ko ta wanda ke zaman amana da Musulmi, hukuncinsa na tsintuwa ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai tsintuwa ya yi cigiya shekara guda. Jirgin zamani kuwa yana da suna da lamba da takardu, mai shi ko magadansa ko wanda haƙƙin ya koma hannunsa ba su ɓata ba. Balle kai ɗan ƙodago ne, na'urar da lokacin ba naka ba ne, amana aka damƙa maka. Ɓoye ko zobe ɗaya ha'inci ne. In kana son lada na musamman kan tsamowa, ku yi jinga tun farko a faɗi adadinsa, kamar kayan raƙumi guda da aka sa wa wanda ya kawo ma'aunin sarki a Suratu Yusuf.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ya fi tsaya mini a rai. Wata rana fitilarka za ta haska mutum. Jirgin saman Air France da ya faɗa tekun Atilantika a 2009 da mutum 228, sai a 2011 aka gano shi a zurfin kusan mita 3,900, kuma irin na'urarka ce ta ɗauko akwatunan bayanansa da gawawwaki 104. Annabi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. In za a iya ɗauko gawa ba tare da daddatsa ta ba, a ɗauko a miƙa wa danginta su yi mata sutura. In taɓa ta zai wargaza ta, kuma babu wata larura ta bincike, a bar ta inda take. Hoton da kyamara ta ɗauka kuwa na masu bincike ne, bai halatta ka kwafe shi a wayarka ka tura wa abokai a WhatsApp ba.

Wallahu a'alamu.