Canza suna ta hanyar kotu: takardun baya ba sa mutuwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alƙali zai nemi jin dalilinka na canza suna, da kuma ko takardun makarantarka za su tashi a banza. Kwantar da hankalinka, ba za su tashi ba.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka fara da ofishin rajistaran kotun da ke kusa da kai. Galibi za a nemi takardar haihuwa, katin shaida, da takardar rantsuwa mai ɗauke da tsohon suna, sabon suna da dalilinka. Dalilin ba sai ya zama babba ba; abin da kotu ke gudu shi ne mai neman tsere wa bashi ko ɓoye laifi. Shi ya sa wurare da yawa ke sa a buga sanarwa a jarida. Idan sunan yaro ne, yawanci sai iyaye sun amince.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne rubutun sunan. Kafin ka sa hannu, bi shi harafi bayan harafi. Muhammad a takardar kotu, Mohammed a fasfo, wannan kaɗai ya isa banki ya dawo da kai gida.

Ka karɓi kwafi masu hatimin kotu fiye da ɗaya, ka adana shafin jaridar gaba ɗayansa har da kwanan wata. Fara gyara katin shaida, sannan fasfo da banki. Takardun makaranta kuwa, duk inda za ka miƙa su ka haɗa da kwafin kotun.