Ƙunar ɗana ta yi fari, ya daina jin zafi: warkewa ce?

Tambaya: Likita, kunu mai zafi ya zube wa ɗana ɗan shekara 3 a hannu kwana huɗu da suka wuce. Kakarsa ta shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai. Yanzu tsakiyar wurin ya yi fari, ko an taɓa ba ya kuka, amma gefen ya kumbura yana ruwa. Maƙwabta sun ce sauƙi ne ya samu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba. Ƙuna mai jan launi da raɗaɗi, fatar sama ce ta taɓu, jijiyoyi na raye. Wadda ta yi fari ba ta ciwo kuwa, sau da yawa wuta ta ci har jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ki kai shi asibiti yau, kar ki bari sai gobe.

Tun 1953 wani likitan Ingila, Douglas Jackson, ya nuna cewa wurin ƙuna yanki uku ne. Ƙwayoyin halittar tsakiya sun dahu, sun mutu, ba maganin da zai tashe su. Na can gefe sun yi ja saboda jini ya ƙaru, za su murmure da kansu. Na tsakaninsu su ne abin ji: jini na isa gare su da ƙyar, sun kumbura da ruwa don ƙarfin fitar da gishiri ya ƙare musu, amma da sauran rai. Cikin kwana biyu zuwa uku ake sanin makomarsu. In sun samu sanyi, danshi da tsafta, su farfaɗo. In aka ƙara musu wahala, su fashe su mutu, ƙaramar ƙuna ta zama mai zurfi.

To, a daidai wannan lokacin ne mutanenmu ke zuwa da makilin. Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk hunturu, lokacin da yara ke kewaye wuta suna jin ɗumi, sai an kawo mana su an lafta musu makilin, manja, baƙin man inji, toka, gishiri, har kashin shanu. Sanyin da makilin ke sa wa a fata ruɗi ne kawai, ba ya zare zafin da ke cin nama a ƙasa, yana kuma bushewa ya manne. Ɗanyen ƙwai abinci ne ga ƙwayoyin cuta, shi kansa yana iya ɗauke da su. Toka da kashin shanu hanyar tetanus ce, cutar nan mai sandarar da jiki. Sannan kafin mu ga zurfin ciwon dole mu kankare duk abin da aka shafa, yaro na ihu, uwa na kuka. Mai maganin da ya karɓi kuɗi ya ce a bar masa ciwon mako guda, ba ya nan ranar da yatsu suka manne da juna. Kaka kam ƙauna ce ta sa ta, abin da ta gada ke nan. Amma mai sayar da garin maganin da bai san aikinsa ba, ya ji tsoron Allah, jikin ɗan wani ba wurin gwaji ba ne.

Abin da ake so da fari shi ne ruwa mai sanyi, mai tsafta, a yi ta zubawa minti 20, ko da an makara da awa biyu ko uku. Ban da ƙanƙara, tana matse hanyoyin jini. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsumma mai tsafta, kar a fasa bororo.

Ƙunar hannu a jikin yaro ta asibiti ce ko da ƙarama ce, don tabo na janye gaɓa. A Asibitin Yanki na Garwa ko cibiyar lafiya mafi kusa za a wanke, a cire mataccen nama, a duba allurar tetanus. In mako uku ya cika bai rufe ba, wataƙila a yi maganar dashen fata. Zazzaɓi, wari, ko ƙin cin abinci, ko cikin dare ne ki ɗauke shi ku tafi.