Shiga gamayyar ƙungiyoyin kare muhalli ta ƙasa: amsa ga ƙaninmu na Darazo

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ce kun kafa ƙungiyar sa-kai ta matasa a Darazo, kuna dashen itatuwa da yashe magudanan ruwa, sai wani ya kawo muku fom na shiga wata gamayyar ƙungiyoyin kare muhalli ta ƙasa. Kana so ka san ko shigar tana da amfani, me ake buƙata, kuma ko ta nan ake samun tallafi. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya irin taku a nan Gombe, mun kuma jima a cikin ɗaya daga cikin waɗannan gamayyoyi, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Bari in fara da maganar kuɗi, tun da na san ita ce a zuciyar yawancin 'yan ƙungiyarku. Gamayya ba ta rabon kuɗi. Mafi yawansu ma ku za ku riƙa biyansu kuɗin shekara. Duk wanda ya ce muku ku cika fom ku biya kaza, bayan wata uku tallafi zai sauka, ku riƙe kuɗinku. Irin waɗannan sun sha zuwa mana da takardar shaida mai kyalli da hatimi, ka tambaye su ofis ko sunayen amintattunsu sai kame-kame. Abin da gamayya ta gaskiya take ba ka shi ne labari a kan lokaci, da horo, da murya. Kamar gayya take: da fartanyarka kake zuwa, kuma sai an ga ƙeyarka a gonar wasu ake zuwa taka.

Duk da haka ina ba ku shawarar ku shiga, in dai kun shirya. Ga dalilina. Bauchi da Gombe suna cikin jihohi 11 da ke bakin kwararowar hamada, waɗanda hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2015, take aiki a cikinsu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma kowace jiha tana da ofishinsa. A nan Gombe akwai shirin dashen itatuwa na 3G da aka fara a 2019 da burin dasa miliyan ɗaya kowace shekara. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na GEF, asusun kula da muhalli na duniya, da ke bi ta hannun hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda don ƙungiyoyin al'umma irin namu aka yi shi. Duk waɗannan suna neman mutanen da ke aiki a ƙasa, amma ƙungiyar da ke zaune a lungu ita kaɗai sau tari ba ta jin an buɗe ƙofa sai bayan an rufe. A cikin gamayya ne wani zai turo sanarwa da sassafe, wani da ya taɓa nema ya nuna maka inda ake tuntuɓe wajen rubuta takardar neman tallafi da tsara kasafi.

Maganar murya kuwa na gan ta a aikace. Akwai wani kwari a bayan unguwarmu da kowace damina yake cin gaba. Ka san ƙasar Gombe, rairayi ce, garin kuma a kwance yake a gangare, ruwa in ya taho daga tudu ba ya tambaya. Wani dattijo maƙwabcinmu, katangar gidansa ta zube, banɗakinsa ya rage rabi a sama rabi a rami, kullum yana jera buhunan yashi ruwa yana kwashewa. Mun rubuta wa ofishin da abin ya shafa, shiru. Da muka kai maganar ga jami'in gamayya na jiha, aka sake rubuta wasiƙar da sunan ƙungiyoyi da yawa, aka haɗa da hotuna da sa hannun mai unguwa, aka kuma kai batun gidan rediyo. Sai ga injiniyoyi sun zo sun auna wurin. Ba a gama aikin a wannan shekarar ba, amma wurin ya shiga lissafi, dattijon nan kuma ya ga cewa akwai masu jin kukansa.

Yanzu batun takardu. Kusan kowace gamayya za ta tambayi shaidar rajista. Wasu suna karɓar ta ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha, amma masu ƙarfi takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, suke so, wato rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku zaɓi amintattu, ku rubuta kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Daga nan sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan ƙungiya wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi shi kaɗai ba. Bankuna da yawa suna neman takardar SCUML, wani sashe a ƙarƙashin EFCC, kuma rajistarta kyauta ce, kada wani ya caje ku. Ku tuna akwai rahoton shekara da ake miƙa wa CAC, ƙungiyoyi da dama a nan suke faɗuwa. Wajen zaɓen amintattu, don Allah kada ku cika takarda da sunayen manya da ba za su ɗaga wayarku ba. Malamin makaranta mai amana da wata uwa da mata ke jin maganarta sun fi muku.

Amma abin da ya fi takardar CAC nauyi a wurina shi ne littafin aikinku. Ku sayi babban littafi, ku riƙa rubuta ranar da kuka dasa, wurin, irin itacen, guda nawa, da sunan wanda ya ɗauki alkawarin ban ruwa. Sannan a watan Afrilu, lokacin da rana ta fi zafi, awaki suka cinye duk wani kore da ba a kewaye da ƙaya ba, ku koma ku ƙirga waɗanda suka rayu. Kowa ya iya ɗaukar hoto ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, yana riƙe da dashe a leda. Ƙalilan ne za su iya cewa ga dogon yaron da muka sa a makarantar firamare bara, ga inuwarsa, ga kuma tsamiya da ɗorawar da suka mutu da dalilin mutuwarsu. Da wannan littafin muka samu mutunci a gamayya, domin duk lokacin da ake haɗa rahoto na ƙasa, masu abin nunawa ake nema.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara ka sani tun yanzu. Yawancin manyan ƙungiyoyin muhalli na ƙasar nan cibiyarsu tana Legas ko Ibadan ko Abuja. Gidauniyar NCF ta kare muhalli, wadda ta faro tun 1980, tana Legas, can ma Gamayyar NNNGO ta ƙungiyoyi masu zaman kansu take da tushe. Ba laifinsu ba ne, sun riga mu farawa. Sai dai sakamakon haka, in ka je taron ƙasa za ka tarar hira ta fi karkata ga malalar mai a Neja Delta da tarin robobi a bakin teku da taron sauyin yanayi na duniya, duk da Turanci, cikin sauri. Matsaloli ne na gaske, amma in ba ka buɗe baki ba za a tashi ba wanda ya ambaci motocin gawayi da ke fita daga dazukanmu, ko ƙirya da marke da suke ƙarewa, ko matar da take tafiyar rabin yini neman itacen girki, ko makomar gonaki da ruwan sha a yankin Kolmani, da ke tsakanin Bauchi da Gombe, tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a 2022. Mu ne za mu kai wannan. Don haka kada ku mai da wakilci rabon kuɗin mota, yau wane gobe wane. Ku tura mutum ɗaya ko biyu da suka san aikin, suke iya miƙewa su yi magana, in sun dawo kuma su zaunar da kowa su fassara abin da aka tattauna da Hausa. Ku sa mace a ciki. Mata su ne suka fi sanin farashin itace da gawayi, kuma ta bakinsu murhu mai tsimin itace yake shiga gida.

Haka kuma ku kula da inda ake sa sunanku. Gamayya takan fitar da sanarwar manema labarai ta jera sunayen mambobi a ƙasa. Ku nemi a riƙa nuna muku kafin a fitar. Ku kuke zaune da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da masu sana'ar gawayin, waɗanda wasunsu iyayen 'yan ƙungiyarku ne, ba wanda ya rubuta takardar daga Abuja ba. Kuma lokacin zaɓe ku nisanta tutar ƙungiya daga ta kowace jam'iyya.

Kafin ku sa hannu a fom ɗin nan, ka tambayi wanda ya kawo shi lambar rajistar gamayyar, ka duba ta a shafin CAC, ana iya dubawa da waya. Ka tambayi nawa ne kuɗin shekara da asusun da ake biya, in sunan mutum ne a kan asusun ka tsaya. Ka nemi sanin yaushe suka yi babban taronsu na ƙarshe da yadda ake zaɓen shugabanni. Sannan ka ce ya haɗa ka da ƙungiya ɗaya a Bauchi ko Azare ko Misau da ta kai shekara biyu a ciki, ka shiga mota ka je ka zauna da sakatarenta. In gamayyar ba ta da kowa a jihar, ku fara haɗa kai da ƙungiyoyin da ke kusa da ku, ku gabatar da kanku a BASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Bauchi, da sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, daga baya ku shiga ta ƙasa a ƙungiyance.

In kuna buƙata, zan turo maka kwafin kundin tsarin mulkinmu da yadda muka tsara shafukan littafin dashe, ku gyara su dace da ku. Ka gaishe mini da 'yan ƙungiya, Allah ya yi wa aikinku albarka.