Tambaya da Amsa: Daga ina kulob-kulob ɗin masu fasaha suka samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karantar zane-zane a Zariya. Duk lokacin da nake karanta tarihin manyan masu zane na Turai sai in riƙa cin karo da sunayen wasu kulob-kulob a Landan waɗanda ba a shigarsu sai mutum ya zama mamba. Ina roƙon a yi mini bayanin asalinsu, da kuma dalilin da zai sa masu fasaha, waɗanda don jama'a suke aiki, su rufe ƙofa su hana wasu shiga.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen wannan al'ada yana gidajen shan gahawa na Landan, waɗanda aka buɗe na farkonsu a 1652. Duk mai ɗan kuɗin shiga yana iya zama ya sha gahawa ya sa baki a hira, sai dai inda kowa ke shiga babu sirri kuma babu natsuwa, don haka abokai suka fara kama ɗaki guda a mashaya suna keɓewa. Mafi shahara a irin wannan zama shi ne wanda mai zane Joshua Reynolds da marubuci Samuel Johnson suka kafa a 1764 a mashayar Turk's Head da ke unguwar Soho. Su tara ne da farko, ciki har da Edmund Burke da Oliver Goldsmith, suna haɗuwa sau ɗaya a mako su ci abincin dare su yi muhawara. Ba su da gini nasu, amma suna da abin da ya zama ginshiƙin kowane kulob daga baya, wato ikon zaɓen wanda zai shigo. Yadda aka saba yi shi ne a zagaya da akwati, kowane mamba ya jefa ɗan ƙwallo fari ko baƙi a ɓoye, kuma a wasu wuraren baƙi ɗaya tak ya isa a mayar da mai nema gida ba tare da ya san wanda ya ƙi shi ba.

Game da dalili kuwa, sai ka duba matsayin mai fasaha a wancan zamani. Tun mulkin Sarauniya Elizabeth ta Farko doka ta sanya 'yan wasan kwaikwayon da ba su da ubangida a sahun 'yan gararamba, kuma wannan raini ya daɗe bai gushe ba, kamar dai yadda a wurinmu ake jin daɗin waƙar maroƙi amma a yi ɗari-ɗari da ba shi aure. Da aka kafa kulob ɗin Garrick a 1831, aka sa masa sunan fitaccen ɗan wasa David Garrick, manufar da aka bayyana ita ce a sami wurin da 'yan wasa za su zauna da masu ilimi da masu sarauta a teburi guda ba tare da wani ya fi wani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan ka tuna cewa sai a 1895 aka fara ba wani ɗan wasa, Henry Irving, lambar girma ta Sir. A Amurka ma haka aka yi. Edwin Booth, wanda ƙanensa ya kashe Shugaba Lincoln a 1865 ya kuma jawo wa sana'arsu baƙin jini, ya sayi gida a New York ya mayar da shi kulob mai suna The Players a 1888, domin 'yan wasa su cuɗanya da marubuta da attajirai cikin mutunci. A saman benen gidan ya zauna har rasuwarsa a 1893.

Masu zane irinka suna da wata buƙata ta daban. Mai zane yana yini shi kaɗai a ɗakin aikinsa, yana buƙatar wanda zai dubi aikin ya faɗa masa gaskiya, yana buƙatar abinci mai sauƙin kuɗi, sannan yana buƙatar ya haɗu da mai saye. Saboda haka aka kafa Arts Club a 1863, wanda Charles Dickens da Anthony Trollope suka kasance cikin mambobinsa, daga baya kuma masu zanen unguwar Chelsea ta Landan, ciki har da James Whistler, suka kafa Chelsea Arts Club a 1891, wanda har yau yana nan a titin Old Church.

A nan ne matsalar take, kuma a ganina ita ce zuciyar wannan tarihi. Haya da albashin ma'aikata suna son kuɗi, masu fasaha kuwa akasarinsu ba su da shi, sai a buɗe wa attajirai ƙofa domin su ɗauki nauyi, kafin a ankara sun rinjayi masu gida. 'Yan jarida da masu zane ne suka kafa Bohemian Club a San Francisco a 1872, amma yau da manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa aka san shi. Muriel Belcher, wadda ta buɗe Colony Room a wani ƙaramin ɗaki a saman bene a titin Dean na Landan a 1948, ta fahimci wannan lissafi sarai. A lokacin doka ta tilasta wa mashaya rufewa da rana, amma ba ta shafi kulob mai rajista ba, sai ɗakinta ya zama matattara. Ta riƙa ba mai zane Francis Bacon fam 10 a mako, tun bai yi suna ba, domin ya riƙa kawo mata abokai da masu kashe kuɗi. An rufe wurin a 2008. Cikin na baya-bayan nan akwai Soho House, wanda Nick Jones ya buɗe a 1995 a titin Greek na Landan domin masu harkar fim da yaɗa labarai. Ya hana ɗaukar hoto a ciki, ya ƙi tufafin ofis, ya bazu zuwa birane da dama, har aka sa hannun jarinsa a kasuwar New York a 2021. Kuɗin shekararsa ya fi ƙarfin matashin da ke fara zane, wato ainihin mutumin da ya fi kowa buƙatar irin wannan wuri.

Tambaya: Ni marubuciya ce daga Katsina. Na ji an ce waɗannan kulob-kulob na maza ne zalla. Shin haka ne, kuma ina mata masu fasaha suke zuwa?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne, kuma ya daɗe fiye da yadda mutum zai zata. Chelsea Arts Club bai karɓi mata ba sai a 1966, The Players kuma sai a 1989. Garrick ya fi su taurin kai, domin sai a watan Mayu na 2024, bayan shekara 193, mambobinsa suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da rinjayen kusan kashi 60 cikin ɗari, aka kuma sanya 'yar wasa Judi Dench cikin matan farko. Asarar da mata suka yi ba ta wurin zama kaɗai ba ce, domin a kan waɗannan tebura ake ƙulla yarjejeniyar buga littafi da rabon aiki, wadda aka hana ta kujera kuwa an hana ta jin labarin aikin tun daga tushe.

Sai dai mata ba su naɗe hannu ba. Constance Smedley ta kafa Lyceum Club, wanda ya buɗe a titin Piccadilly na Landan a 1904 domin marubuta da masu zane da masu ilimi mata, ya kuma yi rassa a Berlin da Paris. National Arts Club na New York ya karɓi mata daidai da maza tun kafa shi a 1898. Groucho Club ma, da aka buɗe a Soho a 1985, mata masu buga littattafai irin su Carmen Callil da Liz Calder suna cikin waɗanda suka assasa shi, saboda sun gaji da rashin wurin da za su gana da marubutansu.

Tambaya: Mu a Najeriya mun taɓa samun irin wannan kulob kuwa?

Amsa: Mun samu, amma salonsa ya bambanta. A 1961 aka kafa kulob ɗin Mbari a Ibadan, a yankin kasuwar Dugbe, inda Ulli Beier da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu suka haɗa kai, Chinua Achebe kuma ya ba shi suna. Yana da ɗakin karatu da ɗakin nunin zane da fili na wasan kwaikwayo, yana buga littattafai, har ya nuna ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan. Biyu daga cikin masu zanensa, Uche Okeke da Demas Nwoko, daga Zariya suka je, inda suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958 tare da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Bambancinsa da na Landan shi ne jama'ar gari suna shiga su kalli wasa su yi karatu. Amma shi ma bai tsira daga matsalar kuɗi ba, domin daga baya ta bayyana cewa ƙungiyar Congress for Cultural Freedom da ke tallafa masa tana karɓar kuɗi daga hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA. Yaƙin basasa ya tarwatsa shi, inda aka kashe Okigbo a fagen daga a 1967, aka kuma tsare Soyinka.

A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne ƙungiyoyin sha'irai, musamman Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin a Kano, wadda a da mambobinta ke haɗuwa su rera waƙoƙin da suka rubuta, a yi musu gyara, a kuma watsa su ta gidan rediyon Kano. Mata irin su Hauwa Gwaram suna cikinta tun lokacin da Garrick bai ko fara tunanin buɗe musu ƙofa ba.